Orlando: Kuɗin Ƙofa Daban, Kuɗin Ciki Daban

A tsakiyar Jihar Florida ta ƙasar Amurka, kimanin mil 20 kudu maso yamma da birnin Orlando, akwai wani makeken wurin shaƙatawa da ake kira Walt Disney World, wanda iyalai daga kowace kusurwa ta duniya sukan yi shekara da shekaru suna tara kuɗi domin su kai 'ya'yansu su gani. An buɗe shi ran 1 ga watan Oktoba, 1971, kusan shekara biyar ke nan bayan mutuwar Walt Disney, mutumin da ya ƙago shi, sai wansa Roy ya tsaya ya ƙarasa aikin. Kafin a sa masa hannu, wurin fadama ne da kurmi da makiyayar shanu. Disney ya sayi wajen eka 27,000 a ɓoye, da sunayen waɗansu ƙananan kamfanoni, don kada masu ƙasa su gane mai saye su tsawwala masa.

Abin da ya sa ya sayi ƙasa mai yawa haka shi ne abin da ya same shi a Kalifoniya. Sa'ad da ya buɗe Disneyland a garin Anaheim cikin 1955, kafin a ce kwabo ƙananan masaukai da gidajen abinci masu araha sun kewaye shi har bakin ƙofa. Wannan ya ɓata masa rai ƙwarai, gama sun rage wa wurin kwarjini, suna kuma cin ribar taron da shi ya tara. Saboda haka ya ƙudura a ransa ba za a maimaita masa haka a Florida ba. Duk magidancin da ke shirin kai iyalinsa can ya kamata ya riƙe wannan ɗan tarihi, domin shi ne zai fassara masa abin da zai sami aljihunsa idan azahar ta yi.

Mai zuwa Magic Kingdom, watau na farko kuma mafi shahara cikin filaye huɗu da ke wurin, ba ya ajiye motarsa a bakin ƙofa. Zai bar ta a wani fili mai nisa, inda kuɗin ajiya kaɗai dala 30 ne a shekarar 2024, ya hau wata mota mai jan taragu zuwa tasha, a binciki jakarsa, sa'an nan ya zaɓi ko jirgin fito da zai ƙetare da shi wani haƙaƙƙen tafki mai suna Seven Seas Lagoon, ko kuwa jirgin ƙasa mai gudu a kan dogo ɗaya can sama. Tafiya ce mai daɗi, yara ma sukan lissafa ta cikin wasannin ranar, balle sa'ad da fadar Cinderella mai tsawon ƙafa 189 ta fara bayyana a ƙetaren ruwa. Amma wanda ya sha wannan hanya da safe, da yara uku da keken jariri, ba zai yi marmarin sake shanta da tsakar rana don neman abinci mai araha a waje ba. Fita da cin abinci da komowa za su ci masa sa'a biyu ko fiye, a cikin yinin da ya riga ya saya da tsada. To, a nan cinikin yake. Yunwa za ta tarar da shi a ciki, a ciki kuwa mai kasuwar ɗaya ne, shi ke yanka farashi.

A ranar da aka buɗe wurin kuɗin shigar babba dala uku da rabi ne, amma kowane lilo da tikitinsa daban, daga mai lamba A zuwa mai lamba E. An soke wannan tsari cikin 1982, shekarar da aka buɗe fili na biyu mai suna EPCOT, aka koma tikiti ɗaya mai ɗauke da duka. Fili na uku, wanda yanzu ake kira Hollywood Studios, ya biyo baya cikin 1989, sai Animal Kingdom cikin 1998. Tikitin yini ɗaya na Magic Kingdom ya haura dala 100 tun 2015, a shekarar 2024 kuwa tikitin yini ɗaya yana tsakanin dala 109 da 189, gwargwadon rana da filin da mutum ya zaɓa. Wannan kuɗi kowa yakan lissafa shi tun daga gida, tare da na jirgi da na masauki, domin a rubuce suke, kuma kafin a tashi ake biya. Kuɗin abinci ne ake bari da cewa in an je a gani.

In an je kuwa, hanci ne yake fara gani. Da ƙetare ƙofa mutum zai faɗa wani titi da ake kira Main Street, wanda aka gina shi da siffar ƙaramin garin Amurka na farkon ƙarni na ashirin, kuma shi ne babbar hanyar zuwa wurin lilo. Ƙanshin gugguru yana tashi tun daga bakin dandali, ga kantin alewa a dama, ga gidan burodi da gahawa a gaba, ga masu askirim. Ƙarfe tara na safe ba ta yi ba, ba a hau ko lilo ɗaya ba, ƙaramin yaro ya riga ya ja rigar ubansa yana cewa, "Baba, dubi wancan." Askirim ɗin nan mai kunnuwan Mickey ya haura dala shida a shekarar 2024, yara kuma ba a saya wa ɗaya a bar ɗaya.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ɓarawon da ba a ji motsinsa. Daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin hutun makarantu, Florida tana da zafi mai gumi irin wanda mutumin Legas ya sani, da hadari mai tsawa kusan kowace la'asar, ga shi kuma yawon duk na ƙafa ne a kan siminti. Gorar ruwa ɗaya kusan dala huɗu ce a shekarar 2024. A ce iyali mai mutum biyar kowa ya sha gora uku, wanda bai kai abin da jiki ke nema a irin wannan rana ba, dala 60 ke nan a yini, dala 300 a kwana biyar. Alhali kuwa a wuraren da ake sayar da abinci a kan kanta ana ba da kofin ruwa da ƙanƙara kyauta ga duk wanda ya roƙa, ko bai sayi kome ba, ga kuma famfunan sha nan da can. Ba a kafa allo an rubuta wannan da manyan baƙaƙe ba. Wanda ya sani ya sha, wanda bai sani ba ya biya.

Abincin wurin hawa uku ne. Akwai na amalanke da ƙananan rumfuna, kamar gugguru, da askirim ɗin abarba mai suna Dole Whip, da ƙatuwar cinyar talo-talo da akan ga mutane suna yago suna tafiya. Cinyar nan saboda girmanta har an daɗe ana raɗe-raɗin wai ta wani ɗan'uwan jimina ce, amma ta talo-talo ce, gishiri da hayaƙi ne suka sāke mata launi da ɗanɗano. Akwai na kanta, inda mutum zai bi layi ko ya yi oda ta wayarsa, ya ɗauki tire ya nemi wurin zama. Sa'an nan akwai na teburi, inda ma'aikaci ke kawowa, kuma akan kama wuri tun saura kwana 60. Wanda ya kama bai je ba, bai kuma soke a kan lokaci ba, za a cire masa tarar dala goma a kan kowane mutum.

Bari a ɗauki misali da magidanci da uwargidansa da 'ya'ya uku, mai shekara 11, da mai bakwai, da mai biyu. Abin da zai fara ba shi mamaki shi ne a wurin Disney yaro daga shekara uku ne zuwa tara. Wanda ya cika goma babba ne, a ƙofa da kuma a teburi, ko da kuwa abin da yake ci bai wuce soyayyen dankali da 'yar kaza ba. Mai shekara biyu ba a biya masa kome. Saboda haka iyalin nan manya uku ne da yaro ɗaya. A gidan abinci na kanta farantin babba yana kewayen dala 15 a shekarar 2024, na yaro wajen dala tara, kofin lemo dala huɗu da wani abu. In an haɗa, aka ɗora harajin ciniki na kashi shida da rabi cikin ɗari, wanda a Amurka ba a sa shi cikin farashin da ke jikin allo, abincin rana ya tashi wajen dala 77. Na dare ma haka. Ba a sa karin kumallo ba, ba a sa askirim ba, an riga an wuce dala 150.

Wannan kuwa shi ne mai sauƙin. Abin da yara suke mafarki shi ne gidajen da ake ɗiba da kai a ci a ƙoshi, taurarin finafinan Disney suna zagayawa teburi teburi suna rungumarsu ana ɗaukar hoto, irin su Crystal Palace a cikin Magic Kingdom da Chef Mickey's a otal ɗin Contemporary. A nan kan babba ya haura dala 60 da dare a shekarar 2024, na yaro wajen dala 40. Ga iyalin nan, dala 226 ke nan ko fiye. Sai haraji, sai kuma tukuicin ma'aikaci, wanda a Amurka ba alheri ba ne kawai, wani babban yanki ne na albashinsa, kuma al'ada ta tsayar da shi a kan kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. In mutane sun kai shida ma ba a jiran ra'ayinsu, a cikin rasit za su tarar an sa kashi 18. Zama ɗaya dai ya kai dala 280. A shekarar 2024, sa'ad da dala ɗaya ta haura naira 1,500, wannan ya fi naira dubu ɗari huɗu, a kan abincin da ɗan shekara bakwai zai taɓa lomarsa uku ya tashi bin Mickey. Ba a ce kada a je ba. Hoton nan shi yaran za su riƙe har girmansu. Amma kowa ya sani hoto ya saya, kuma hoto ɗaya ya isa.

Kamfanin ya san wannan fargaba ta iyaye, ya kuma yi mata kasuwa. Tun 2005 yake sayar da wani shiri na biyan kuɗin abinci tun kafin a zo, ga waɗanda suka sauka a otal-otal ɗinsa kaɗai. An dakatar da shi cikin 2020 saboda annobar korona, aka maido da shi ran 9 ga watan Janairu, 2024. A wannan shekara ƙaramin shirin, mai abincin kanta biyu da abin taɓawa ɗaya, wajen dala 57 ne ga babba a kowane dare, yaro wajen 24. Babban shirin, mai abincin kanta ɗaya da na teburi ɗaya da abin taɓawa, wajen dala 94 ne, yaro wajen 30. Iyalin nan za su biya dala 975 ko dala 1,560 a dare biyar, ban da tukuici, wanda har wa yau daga aljihu zai fito. Ana kuma ba kowa kofin da zai riƙa cika shi da lemo kyauta, amma a otal kawai yake aiki, ba ya aiki a cikin filayen wasa inda ƙishin yake.

Shirin yana da amfaninsa, ba shakka. Maigida yakan huta da lissafi a gaban 'ya'yansa, wanda ba ƙaramin abu ba ne, gama babu uban da ke son ɗansa ya ga yana karanta farashi kafin ya karanta sunan abinci. Sai dai ribarsa tana ga mai cin abu mafi tsada a kowane zama, kuma giya tana cikin abin da aka lissafa wa manya. Iyalin da ba su sha, waɗanda kuma sukan raba faranti ɗaya mutum biyu, da wuya su ci kuɗinsu. Abin da ba a ci ba kuwa yana mutuwa da tsakar daren ranar barin otal, shi ya sa akan ga iyaye a kantuna ranar tafiya suna kwasar alewa da biskit da ba su da bukata, don dai kada a ce sun bar wa Disney.

Abin da yawancin baƙi ba su sani ba shi ne Disney bai hana shiga da guzuri ba. An yarda mutum ya shigo da abinci da abin sha, muddin babu giya, ba a cikin kwalba yake ba, kuma ba ya bukatar ɗumamawa. An yarda da kula wadda ba ta wuce inci 24 a tsawo, 15 a faɗi, 18 a tsaye ba. Tun 2019 an hana zuba ƙanƙara tsurarta a ciki, don haka masu dabara sukan daskarar da gorunan ruwa tun dare, su sanyaya abinci da safe, su zama abin sha da rana. Akwai akwatunan ajiya na haya kusa da ƙofa ga wanda ba ya son yawo da kaya, kowane fili kuma yana da ɗakin masu jarirai inda uwa za ta shayar ta kuma ɗumama abincin jariri. Wannan sassauci kada a ɗauka ko'ina haka yake. A Universal, wanda ke cikin Orlando shi ma, ruwa da ɗan abin taɓawa kawai ake bari a shiga da su, ban da cikakken abinci.

Guzurin kuwa a can ake haɗa shi. Matafiyin da ya saba tafiya da kilishi ko dambun nama ya sani ma'aikatan kwastan na Amurka ba su barin nama ya shiga, za su karɓe, kuma wanda ya ɓoye abinci bai bayyana a takarda ba yana iya shan tara. Kasuwa tana jiransa a bayan iyakar Disney, inda abin da Walt ya gudu daga Kalifoniya ya biyo shi ya yi sansani. A kan babbar hanya mai lamba 192 ta Kissimmee, da hanya mai lamba 535, da International Drive, masaukai ne jere da gidajen abinci da manyan kantuna irin su Publix da Walmart, inda kuɗin gora biyu na cikin fili zai sayi ƙunshin ruwa mai gora ashirin da huɗu. Da yawa cikin masaukan nan suna da ɗan madafi da firji. Wanda ya sayi burodi da ƙwai da madara da ayaba da shinkafa ranar da ya sauka, ya karya kumallo a ɗaki kafin ya fita, ya riga ya fid da kashi ɗaya cikin uku na abincinsa daga hannun Disney. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, yaron da ya ƙoshi kuma ya fi sauƙin wucewa ta gaban kantin alewa.

Ga iyalin Musulmi akwai ƙarin dalili. Naman alade yana shiga abinci da yawa a Amurka, har inda ba a zata ba, balle karin kumallo. Disney yana karɓar roƙon abincin halal a waɗansu gidajensa, amma sai an sanar tun kafin ranar. Tun 2019 kuma ana sa alamar ganye a gefen abincin da babu kome na dabba a cikinsa. A Magic Kingdom akwai Columbia Harbour House, wanda kifi ne babban abincinsa, yana kuma da bene mai sanyi da shiru inda gajiyayye zai miƙe ƙafa. A EPCOT ƙasashe 11 ne suka kewaye wani tafki, kowace da gininta da girkinta, cikinsu har da Maroko, wadda aka buɗe sashenta cikin 1984, Sarki Hassan na Biyu ya aiko da magina daga ƙasarsa suka yi adon, da hasumiya mai kama da ta masallacin Kutubiyya na Marrakesh. Amma hasumiya ba ita ce shaidar yanka ba, a nan ma sai an tambaya. A waje kuwa, kusa da Lake Buena Vista, akwai masallacin Juma'a na Islamic Center of Orlando, da gidajen abincin halal a kewayensa.

Waɗanda suka san wurin sukan yanka wa kowane yini kuɗinsa tun a gida, su zaɓi zama ɗaya tak mai tsada a duk tafiyar, su kama wurinsa da wuri. Sauran kwanakin karin kumallo a ɗaki, guzuri da rana, abincin kanta ɗaya da yamma, farantin kuwa yawanci yana da girman da zai ishi uwa da ƙaramin yaro. A kanta ba a cika tambayar shekaru ba, ɗan shekara 11 yana iya cin farantin yara. Waɗansu sukan ba kowane yaro 'yan dalolinsa a hannu da safe, su ce masa in sun ƙare sun ƙare. Wannan dabara ta ƙara daraja tun 2013, sa'ad da aka fito da wani abin ɗaurawa a hannu kamar agogo mai suna MagicBand, wanda baƙon otal zai taɓa shi a jikin na'ura a rubuta masa bashi a ɗakinsa. Kuɗin da ba a ƙirga da yatsa ba ba a jin fitarsa, sai ranar tafiya da dogon rasit ya iso.

Da dare akan yi wasan tartsatsin wuta a bisa fadar Cinderella, dubban mutane a tsaye, yara a kan kafaɗun iyayensu. In an gama sai taron ya juya gaba ɗaya ya nufi ƙofa, hanyar fita kuwa ita ce dai ta shiga. An rufe wuraren lilo, amma kantunan Main Street sukan ci gaba da ciniki har wajen sa'a guda bayan lokacin tashi, fitilu a kunne, ƙofofi a wangale, ƙanshin alewa yana fitowa. Ƙaramin ya yi barci a keke, na tsakiya ya sake jan rigar ubansa, layin jirgin fito kuma ya kai har bakin ƙofa.